Barkwanci a Tallar Kayan Aski da Ƙamshin Maza

Kayan gyaran jikin maza, wato reza da kumfar aski da turaren bayan aski da sabulun wanka da turaren hammata, suna cikin hajojin da aka fi tallatawa da barkwanci a Amurka da Turai tun kusan shekara ɗari da suka wuce. Dalili na farko yana cikin kayan kansu. Sabulun wannan kamfani da na wancan ba su da wani bambancin a zo a gani, haka ma turaren fesawa, don haka mai talla ba shi da wata babbar hujja da zai kafa wa mai saye. Kayan kuma ba su da tsada, ana sayensu kullum, wanda ya saya bai ji daɗi ba asararsa kaɗan ce. A irin wannan kasuwa, sunan da ya fara faɗo wa mutum a rai lokacin da yake tsaye gaban kanta shi ke cin riba, dariya kuwa tana taimaka wa suna ya zauna a zuciya.

Dalili na biyu ya fi zurfi, shi ne kunya. Tallar turaren hammata, komai yadda aka ƙawata ta, saƙonta ɗaya ne: mai kallo yana iya yin wari. Ba mai son a gaya masa haka kai tsaye. Ban da wannan, a ƙasashen Yamma an daɗe ana tarbiyyantar da ɗa namiji a kan cewa yawan duba madubi da shafe-shafe halin mata ne. Namijin yana son ya yi kyau, yana son ya yi ƙamshi, amma ba ya son a gan shi yana ɗawainiyar neman haka. Barkwanci ya ba shi mafita. Idan tallar ta zo da raha, yana iya sayen kayan yana murmushi, kamar dai shi ma bai ɗauki abin da zafi ba.

Manyan masana talla na farko ba su yarda da wannan hanya ba. Claude Hopkins, wanda littafinsa kan talla ya fito a 1923, yana ganin kashe kuɗi lamari ne mai nauyi, kuma mutane ba sa sayen kaya a hannun ɗan kama. David Ogilvy ya bi wannan ra'ayi shekaru da yawa, sai a littafinsa na 1983 ya amince cewa zamani ya sauya, raha tana iya sayar da kaya. Amma tun Hopkins yana raye wani ƙaramin kamfanin man aski ya riga ya nuna haka a aikace.

Kamfanin shi ne Burma-Vita na iyalin Odell a birnin Minneapolis, jihar Minnesota, mai yin man aski da ake kira Burma-Shave wanda ba ya bukatar buroshi. A tsakiyar shekarun 1920 suka fara kafa ƙananan alluna jajaye a gefen hanyar mota, yawanci shida a jere, kowanne da 'yan kalmomi kaɗan. Direba yana karanta su ɗaya bayan ɗaya, sai su haɗu su zama gajeren baiti mai ban dariya, allon ƙarshe kuma ya kawo sunan kayan. Hikimar tana cikin jerin. Wanda ya karanta allo na farko dole ya jira na gaba, yaran da ke cikin mota sukan karanta da ƙarfi, kuma ba yadda za a yi a kai ƙarshen wasan ba tare da an ambaci Burma-Shave ba. Baitocin suna tsokanar mai kaushin haɓa da mai fama da buroshin kakansa, wasu kuma suna gargaɗi kan gudun wuce sa'a da tuƙi cikin maye. Kamfanin yakan shirya gasa, jama'a su aiko da nasu baitocin, a biya wanda aka zaɓa.

Wasan ya taɓa komawa kan masu shi. Wani jeri ya yi alkawarin tafiya kyauta zuwa duniyar Mars ga duk wanda ya tara kwalaben man aski 900, sai wani manajan kanti a jihar Wisconsin ya tara su da taimakon abokan cinikinsa. Kamfanin ya fita kunya ta hanyar tura shi da matarsa garin Moers na Jamus, wanda sunansa ya yi kama da na Mars a kunne, labarin kuma ya zama wata tallar ta kyauta. Abin da ya kashe allunan shi ne manyan tituna da motoci masu gudu, inda ƙaramin rubutu ba ya karantuwa. A 1963 aka sayar da kamfanin ga Philip Morris, aka tuge allunan.

Da talabijin ya yi ƙarfi sai wani salon ya fito, wanda ya daɗe ƙwarai: alkawarin cewa ƙamshi zai sa mata su yi ta rububin mutum, amma a zuzuta alkawarin har ya zama wasa. Turaren bayan aski mai suna Hai Karate, da ya fito a 1967, ana sayar da shi tare da 'yar takarda mai koyar da dabarun kare kai, wai don mai shafawa ya iya kuɓuta daga matan da za su far masa. Amfanin wannan dabara ga kamfani shi ne ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da gaske ba. Da zai ce turarensa yana jawo mata, da an ƙaryata shi. Da ya faɗa cikin raha, ba mai kama shi da ƙarya, amma tunanin ya riga ya shiga kan saurayi.

Gillette, babban mai kasuwar reza tun farkon ƙarni na ashirin, ya bi wata hanya dabam. Tallarsa ta ginu a kan fasaha da 'yan wasa da hoton cikakken namiji, kuma taken da ya fito da shi a 1989, mai cewa wannan shi ne mafi kyawun abin da namiji zai samu, ba wasa a cikinsa. Wannan ɗaurewar fuska ta sa ya zama abin tsokanar 'yan barkwanci. Bayan reza mai baki biyu ta fito a 1971, shirin barkwancin talabijin na Saturday Night Live, a fitowarsa ta farko a 1975, ya yi tallar ƙarya ta reza mai baki uku don nuna cewa mutane za su yarda da komai. A 1998 Gillette ya fito da Mach3 mai baki uku. A 2004 jaridar barkwanci ta The Onion ta buga rubutun wasa da ke nuna shugaban kamfanin ya fusata ya ce za su yi mai baki biyar, a 2006 kuwa Fusion mai baki biyar ta shiga kasuwa. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa jama'a sun riga sun fara yi wa masana'antar dariya kafin wani ɗan kasuwa ya gane cewa dariyar kanta jari ce.

Wanda ya kai salon Hai Karate ƙarshen iyaka shi ne Axe na kamfanin Unilever. An fara sayar da shi a Faransa a 1983, a Birtaniya da Ireland da Ostareliya ana kiransa Lynx, ya shiga Amurka a 2002. Tallace-tallacensa kusan labari ɗaya suka riƙa maimaitawa: saurayi ramamme wanda ba wanda ya damu da shi ya fesa turare, sai mata su rasa hankalinsu. Waɗanda aka nufa su ne samari masu tasowa, masu fargabar yadda za su tunkari mace, kuma ta fuskar ciniki dabarar ta yi nasara sosai. Sai dai dariyar tana da wadda ake yi da ita. Mace a waɗannan tallace-tallace ba ta da magana ko ra'ayi, abin da ƙamshi ke ja ne kawai. Hukumar kula da talla ta Birtaniya ta haramta wasu tallace-tallacen Lynx a 2011 saboda ƙasƙantar da mata. A shekarar ce takwararta ta Afirka ta Kudu ta hana wata tallar Axe da ke nuna mala'iku suna faɗowa daga sama saboda ƙamshin wani saurayi, bayan wani Kirista ya kai ƙara. Tun kafin nan, a 2008, gwamnatin Indiya ta dakatar da tallar da ke nuna mutumin cakulan da mata ke gutsura. An kuma riƙa yi wa Unilever gori cewa shi ne mai sabulun Dove, wanda ke wa'azin mutunta surar mace. A 2016 Axe ya ajiye tsohon labarin, ya koma ga tallar da ke cewa kowane saurayi yana da abin da ya fi kyau da shi, ko hanci ne ko rawa ko karatu.

Tallar da aka fi kafa misali da ita a wannan fanni ta Old Spice ce. Kamfanin Shulton ya fito da turaren na maza a 1938, Procter & Gamble ya saya a 1990, amma har zuwa farkon wannan ƙarni matasa suna ganinsa a matsayin ƙamshin kakanni. A Fabrairun 2010, daidai lokacin da Dove ke shigowa da sabulun wankansa na maza, kamfanin shirya talla na Wieden+Kennedy da ke Portland ya fito da wani gajeren fim na daƙiƙa 30. Isaiah Mustafa, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, yana tsaye a banɗaki da tawul, yana magana da mata kai tsaye, yana cewa su dubi mazajensu su dube shi. Kafin mai kallo ya ankara, banɗakin ya zama jirgin ruwa, tikitin da ke hannunsa ya zama lu'ulu'u, a ƙarshe sai ga shi a kan doki, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa, kuma fuskarsa ba ta nuna ya san wani abin mamaki na faruwa ba.

Abubuwa da dama ne suka sa wannan talla ta yi aiki, kuma yawancin masu kwaikwayonta sun ɗauki ɓawon sun bar ƙwayar. Da farko, ta ginu a kan wani sani game da kasuwa, cewa mata ne ke sayen fiye da rabin sabulun wanka na ruwa da maza ke amfani da shi. Don haka aka yi tallar da miji da mata za su kalla tare, kowa ya yi dariya. Sannan abin da ake yi wa dariyar shi ne cika bakin mazantaka da tallace-tallacen turare suka saba yi shekara da shekaru. Mutumin da ke kan doki yana fahariya har ta wuce hankali, kuma mai kallo ya san kamfanin ya san haka. Ba a wulakanta mace ba, ba a kuma ci mutuncin mijin da ke zaune a gida ba, domin an gaya masa a fili cewa ba zai zama wannan gwarzo ba, iyakarsa ya yi ƙamshi irin nasa. Wannan shi ne ainihin alkawarin kayan, kuma shi ne ƙashin bayan wasan, ta yadda ba za a ba da labarin tallar ba tare da an ambaci sabulun ba. A watan Yuli na shekarar aka ɗauki gajerun bidiyo sama da 180 cikin kwana uku, Mustafa yana amsa saƙonnin da jama'a da fitattun mutane suka aiko ta Twitter da Facebook da YouTube. Tallar ta ci babbar kyautar fim a bikin talla na Cannes, ta kuma ci kyautar Emmy.

Shekara biyu bayan haka barkwanci ya zama makamin ƙarami a kan babba. Michael Dubin, wanda ya koyi wasan barkwanci na nan take a New York, ya kafa Dollar Shave Club tare da Mark Levine don aika wa mutane reza gida kowane wata a farashi mai rahusa. A Maris na 2012 ya sa wani bidiyo na kusan minti ɗaya da rabi a YouTube, wanda aka kashe dala 4,500 wajen yin sa. Yana tafe cikin ɗakin ajiyar kaya yana magana ba dariya, ga yarinya ƙarama tana yi wa wani aski, ga mutum cikin rigar dabba, shi kuwa yana tambaya ko reza tana bukatar mariƙi mai girgiza da tocila da baki goma, yana kuma cewa mafi yawan kuɗin da ake biya yana tafiya ne aljihun ɗan wasan tanis da ke yi wa babban kamfani talla. Shafinsu na intanet ya tsaya saboda cunkoso, kuma cikin kwana biyu mutum 12,000 suka yi rajista. A nan kowace raha hujja ce: reza ta yi tsada, an cika mata tarkacen da ba a bukata, zuwa kanti sayenta wahala ne. Dubin ya faɗi abin da masu saye suka daɗe suna gunaguni a kai. Kason Gillette a kasuwar reza ta Amurka ya sauko daga kusan kashi 70 cikin ɗari a 2010 zuwa kashi 54 a 2016, a 2017 kuma kamfanin ya rage farashi. Unilever ya sayi Dollar Shave Club a 2016 a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala biliyan ɗaya.

Binciken masana ya yi daidai da abin da waɗannan misalai suka nuna. Brian Sternthal da Samuel Craig sun fara tattara abin da aka sani kan batun a 1973, Marc Weinberger da Charles Gulas suka sake bitarsa a 1992, sannan Martin Eisend ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a 2009. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne raha tana jan hankali, tana sa a so tallar, son kuma yakan tsallaka zuwa ga sunan kayan, ko da yake yana raguwa a hanya. Rahar da ke da alaƙa da kayan ta fi wadda aka liƙa daga waje amfani. Eisend ya gano wani farashi da ake biya: barkwanci yana rage yarda da mai magana. Akwai kuma haɗarin da masu sana'ar suka sani sarai, inda wasan ke cinye kayan, mutum ya tuna abin dariyar ya manta wane ne ya yi shi. A kasuwar da kamfani biyar ke yin wasa iri ɗaya, wanda ya manta sunan yana iya sayen na abokin hamayya, ka ga an yi wa wani aiki ke nan.

Game da inda wasa ke ɓaci, bayanin Peter McGraw da Caleb Warren na 2010 yana da amfani. Sun ce abu yana ba da dariya ne idan ya keta wata ƙa'ida amma a lokaci guda mai sauraro ya ga ketawar ba ta da cutarwa. Da zarar cutarwar ta zama ta gaske a idonsa, dariya ta ƙare, sai fushi. Matsalar mai talla ita ce masu kallo ba ɗaya ba ne, abin da wani ya gani wasa, wani ya taɓa ɗanɗana zafinsa. A 2011 Nivea ya janye wata tallar mujalla tare da neman afuwa, wadda ta nuna baƙar fata mai sabon aski yana shirin jefar da kai mai tulin gashi da gemu, da rubutun da ke kiransa ya sake wayewa. A Yunin 2022 ma'aikatar watsa labarai ta Indiya ta umarci YouTube da Twitter su cire tallar turaren fesawa na Layer'r Shot, wadda ta gina wasanta a kan tsoron da mace ke ji idan gungun maza suka yi maganar da ke kama da shirin fyaɗe. Irin wannan ba kuskuren lissafi ba ne kawai, rashin tausayi ne, kuma ya dace a kira shi da sunansa. Dokar talla ta Birtaniya da ta fara aiki a Yunin 2019, mai hana nuna maza ko mata ta hanyar da ke cutarwa, ta zo da bayanin cewa fakewa da raha ba zai wanke talla ba.

Barin barkwanci gaba ɗaya ma ba tsira ba ne. A Janairun 2019 Gillette ya fito da gajeren fim mai kira ga maza su daina cin zali da cin zarafin mata. Wasu sun yaba, wasu da yawa kuma sun ji an tara su ana yi musu faɗa, har aka yi kiran ƙaurace wa kayan. A Yulin shekarar Procter & Gamble, mai Gillette, ya rage darajar Gillette a littattafansa da dala biliyan 8, ya danganta hakan da faɗuwar darajar kuɗaɗen waje da yayin ajiye gemu da sababbin masu gasa. Old Spice da wannan fim, duka na gida ɗaya, sun taɓo abu guda, wato ƙaryar mazantaka. Na farko ya sa namiji ya yi wa kansa dariya, na biyu ya tsayar da shi gaban alƙali.

Akwai kuma kayan da wasa bai dace da su ba. Maza masu murɗaɗɗen gashi, musamman baƙar fata, suna fama da ƙurajen aski, inda gashin da aka aske ƙasa sosai yake lanƙwasa ya koma cikin fata, ya bar kumburi da tabo. Reza mai baki da yawa takan tsananta abin. Tristan Walker ya kafa kamfani a 2013 ya fito da Bevel, reza mai baki ɗaya, ya tallata ta da bayani da girmamawa, Procter & Gamble kuma ya sayi kamfanin a 2018. Haka abin yake ga maganin sanƙo. Mutumin da abu ke damunsa da gaske yana neman wanda zai yarda da shi, kuma a nan ne raguwar yarda da Eisend ya ambata take yin illa.

Waɗannan kaya da tallace-tallacensu suna isa kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai, ta kantuna da tauraron ɗan adam da wayoyin hannu, amma harsashin da aka gina barkwancin a kai ba duka ne ya zo tare da su ba. Bahaushe ba ya jin kunyar turare. Sunna ce, ado ne na Juma'a da Sallah, magidanci yana sayen turarensa da kansa yana alfahari da shi. Don haka tallar da aka shirya don cire wa namiji kunyar ƙamshi tana maganin ciwon da babu. Aski kuma ga mutane da yawa aikin wanzami ne ko mai shagon aski, ba abin da ake yi gaban madubi kowace safiya ba, gemu kuwa ga masu ajiye shi don addini ba abin tsokana ba ne. Wasan da ya dogara da mata suna bin namiji a guje, a gidan da uba da 'ya'ya ke kallo tare, abin da zai jawo shi ne a sauya tasha. Ba wai jama'a ba sa son raha a talla ba, tallace-tallacen rediyo masu ɗan wasan kwaikwayo da 'yan barkwancin Kannywood sun isa shaida. Sai dai tsokana a ƙasar Hausa tana da masu ita: jika da kaka, taubasai, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Kamfani ba abokin wasan mai saye ba ne, idan ya tsokane shi ba tare da wannan izini ba, raini za a ji. Abin da ya rage masa shi ne ya tsokani kansa, ko ya ɗauko halin da kowa ya sani, kamar zafin bazara a cikin motar haya ko angon da ya makara wajen aski. A Najeriya akwai kuma shingen doka, domin hukumar kula da talla ta ARCON, da ta maye gurbin APCON a 2022, tana bukatar a tantance talla kafin a fitar. Abin da ya sami bankin Sterling a Istar 2022, lokacin da ya kwatanta tashin Almasihu da kumburin burodin Agege har sai da ya nemi gafara, ya nuna yadda addini yake a matsayin iyaka ga kowace irin haja.

Tambayar da ta fi wuya ita ce nawa ne daga cikin cinikin za a danganta ga dariya. Rahotannin 2010 sun nuna cinikin sabulun Old Spice ya ninka a tsakiyar shekarar idan an kwatanta da shekarar da ta gabata, amma masu nazarin kasuwa sun lura cewa a daidai lokacin kamfanin yana rabon takardun rangwame masu yawa, kuma raba tasirin ɗaya daga ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba. Yawan masu kallon bidiyo ba shi ne yawan masu saye ba. Barkwanci kuma yana saurin tsufa, abin da ya ba da dariya a karo na farko ba ya bayarwa a na goma, shi ya sa Old Spice ya riƙa sauya 'yan wasa da salo, har da kawo Terry Crews mai ihu don ya zama kishiyar Mustafa mai sanyin murya. Salon Dubin, na mutum ɗaya yana tafe yana magana da kyamara ana abubuwan mamaki a bayansa, an kwaikwaye shi har ya zama gama-gari. Dr. Squatch, mai sabulun maza, da Manscaped, mai injin aske gashin jiki, sun girma da irin wannan hanya, na biyun yana amfani da habaici don ambaton wuraren da ba a faɗa a fili.

Bayan sayen farko kuwa, abin da ke riƙe mai saye shi ne kaifin reza da farashi da sauƙin samu. Gillette ya buɗe nasa tsarin aikawa gida, Harry's, wani mai sayar da reza ta intanet, ya shiga manyan kantuna, kuɗin neman sabon mai saye ta intanet ya hau, Dollar Shave Club kuma bai kawo ribar da aka yi tsammani ba. A 2023 Unilever ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a ciki ga kamfanin zuba jari na Nexus Capital Management, a 2025 kuma ya sanar da sayen Dr. Squatch.